Waiwaye: Waɗanda Ƙanjamau Ya Tsallake

A farkon 1982 wani Ba'amurke mai sana'ar zane, Stephen Crohn, ya yi jinyar abokin zamansa Jerry Green har rai ya yi halinsa. Ciwon da ya kashe Green ko suna ba shi da shi a lokacin. A Yunin 1981 ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fara ba da rahoton wasu samari 5 a Los Anjalas da suka kwanta da wani ciwon huhu wanda ba a saba ganinsa ba sai a jikin wanda garkuwarsa ta rushe, kuma sai a 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Faris suka tsamo ƙwayar cutar da yau ake kira HIV. Crohn yana cikin mazan da ke tarayya da maza, waɗanda a cikinsu aka fara ganin annobar a Amurka, don haka ya zauna yana jiran nasa layin. Abokansa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ko ciwon kai. Da gwajin jini ya samu aka gwada shi, aka sake gwadawa, ba a ga komai ba.

Mutumin nan bai ɗauki abin a matsayin sa'a ya kama bakinsa ba. Ya yi ta bin likitoci yana roƙon a binciki jininsa. Shekaru suka shuɗe ba a kula shi ba, kuma ba wai don mugunta ba: asibitoci cike suke da masu mutuwa, wa zai bar mai shure-shure ya tsaya a kan mai lafiya? Sai a 1994 wani matashin masani, Bill Paxton, da ke Cibiyar Aaron Diamond a Niyok, ya ɗebi jininsa, ya ware fararen ƙwayoyin garkuwa, ya zuba musu HIV a kwalba. Ba su kamu ba. Ya ƙara yawan cutar, ya sake ƙarawa, har ya kai ninki 3,000 na abin da ke kama ƙwayoyin sauran mutane. Shiru.

Tun 1984 aka san cewa HIV ba ta faɗa wa kowace ƙwayar jiki. Tana neman waɗanda ke ɗauke da wani furotin a bayansu mai suna CD4, wanda duk mai karɓar magani a asibiti ya san sunansa daga takardar gwaji. Sai dai akwai abin da ya ɗaure wa masana kai. Idan aka dasa CD4 na mutum a ƙwayar ɓera, cutar takan manne mata amma ta kasa shiga. Ke nan akwai wani abu na biyu da take bukata. A gidanmu na gargajiya baƙo yakan shigo zaure, amma ba zai kai tsakar gida ba sai ya ratsa shigifa. CD4 shi ne zauren. Shekara 10 aka yi ana laluben shigifar.

A ƙarshen 1995 masu bincike a ɗakin gwajin Robert Gallo suka nuna cewa wasu sinadarai 3 da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna saƙo da su suna iya hana HIV shiga. Wannan ya nuna hanya: inda sinadaran ke sauka, nan cutar ke bi. A watan Mayun 1996 Edward Berger ya bayyana mashiga guda, wadda daga baya aka sa mata suna CXCR4. Bayan 'yan makonni, ayarin masana har 5 suka fito kusan lokaci guda da ta biyu, CCR5, wadda ita ce kusan duk cutar da ke tsallakawa daga mutum zuwa mutum take amfani da ita. Da aka koma kan jinin Crohn sai ga amsa a fili. A rubutun gadon halittarsa, wurin da ke ba da umarnin ƙera CCR5 ya rasa haruffa 32. Furotin ɗin yakan fito guntu, ya maƙale a cikin ƙwayar, ba ya leƙowa waje. Cutar ta shigo zaure ta tarar da bango. A watan Agustan shekarar masanan Niyok da ayarin Marc Parmentier a Beljiyam suka wallafa wannan, aka kira giɓin Delta 32.

Mu da muka saba da zancen AA da AS da SS ba za mu sha wahalar fahimtar yadda ake gadonsa ba. Wanda ya gaji giɓin daga uwa da uba, kamar Crohn, ba shi da CCR5 ko kaɗan. Wanda ya gada daga ɓangare ɗaya yana da mashigar, amma ba ta kai ta sauran mutane yawa ba. Yana iya kamuwa, sai dai ciwon kan yi jinkirin shekara 2 zuwa 3 kafin ya kwantar da shi. Wajen mutum 1 cikin 100 na 'yan asalin arewacin Turai ne ke da gadon ɓangare biyu. Yana da yawa a Finlan da ƙasashen gaɓar tekun Baltik, yana raguwa idan aka gangaro Italiya da Girka. An daɗe ana cewa annobar da ta share Turai a tsakiyar ƙarni na 14 ce ta yaɗa shi, wasu suka ce agana ce, amma an same shi a ƙasusuwan mutanen da suka mutu a Jamus kusan shekara 3,000 da suka wuce, tun kafin waccan annobar. Mu ma muna da makamancinsa ta wata fuska: galibin mutanen Afirka ta Yamma ba su da furotin ɗin Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, shi ya sa nau'in zazzaɓin cizon sauro na bibaks, wanda ya addabi Indiya, bai yi kaka-gida a wurinmu ba.

Ko ga masu Delta 32 ɗin ma, kariyar ba cikakkiya ba ce. Tun 1997 aka fara samun 'yan tsiraru da suka gaji giɓin ta ɓangare biyu amma suka kamu, domin nau'in cutar da ya same su ta CXCR4 yake bi. An kuma gano a 2006 cewa rashin CCR5 yana sa zazzaɓin Yammacin Nilu ya fi tsananta a jikin mutum. Jiki bai ƙera wannan furotin don banza ba.

Ilimin ya yi amfani. A 2007 aka amince da maganin marabirok, wanda aikinsa toshe CCR5. A shekarar ce kuma wani likitan jini a asibitin Charité na Balin, Gero Hütter, ya yi wata dabara da ta shiga tarihi. Majinyacinsa Timothy Ray Brown, Ba'amurke, yana da HIV tun 1995, sai kuma sankarar jini ta same shi, dole sai an yi masa dashen ɓargo. Hütter ya bi jerin waɗanda ɓargonsu ya dace da na Brown yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, har ya dace da mai Delta 32 ta ɓangare biyu. Daga ranar dashen Brown ya daina shan maganin HIV, cutar kuwa ba ta dawo ba har ya rasu a 2020, kuma sankarar ce ta dawo ta ɗauke shi. A 2019 aka ba da labarin na biyu, Adam Castillejo a Landan, sannan wasu 'yan kaɗan suka biyo baya. Dashen ɓargo kansa yana iya kisa, ba a yi wa kowa sai wanda sankara ta riga ta sa a gaba, amma ya tabbatar da cewa warkewa daga HIV abu ne mai yiwuwa. Ilimin ya kuma faɗa hannun wanda bai san girmansa ba. A Nuwamban 2018 wani masani a Shenzen ta ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar da cewa ya taɓa rubutun CCR5 na wasu tagwaye mata tun suna ɗan tayi. Yankan da ya yi bai ma fito daidai da Delta 32 ba, kuma yaran ba sa cikin wani haɗarin da babu hanyar kauce masa mai sauƙi. Kotu ta ɗaure shi shekara 3. A ganina hukuncin ya yi sauƙi idan aka dubi cewa yaran nan za su rayu da sakamakon gangancinsa, har su gadar wa 'ya'yansu.

Galibin wannan labari na Turai ne da Amurka. Delta 32 kusan babu shi a jinin baƙar fatar Afirka, alhali kusan kashi 2 cikin 3 na masu ɗauke da HIV a duniya suna kudu da Sahara. To mu nan babu waɗanda cutar ke tsallakewa? Akwai, kuma labarinsu ne ya fi damuna.

Majengo unguwar talakawa ce a yankin Pumwani na birnin Nairobi, gidajen laka da langa-langa, inda mata da yawa ke zaman kansu don neman abin sawa a bakin salati. Tun farkon shekarun 1980 likitoci daga Jami'ar Manitoba ta Kanada da Jami'ar Nairobi ke aiki a wurin kan cututtukan sanyi. Jagoransu daga Kanada shi ne Frank Plummer. Daga Kenya kuwa akwai Elizabeth Ngugi, ma'aikaciyar jinya wadda ta shiga lungu-lungu har matan suka yarda da ita. A 1985 aka gwada matan, aka tarar kusan kashi 2 cikin 3 suna ɗauke da HIV. Sauran ma da yawa suka kamu a shekarun da suka biyo baya. Amma Plummer ya lura da wani abu. Akwai wasu mata, ba su da yawa, da suke sana'ar nan shekara da shekaru, maza da dama a rana, da yawa ba tare da kwaroron roba ba, a unguwar da cutar ta cika, kuma kullum gwajinsu babu komai. Abin mamakin ma, gwargwadon daɗewar mace a sana'ar ba ta kamu ba, gwargwadon raguwar yiwuwar ta kamu a gaba. Sa'a kaɗai ba ta yin haka. A 1996 Keith Fowke da Plummer da abokan aikinsu suka wallafa wannan a mujallar Lancet.

Aka duba Delta 32, ba su da shi. Aka ɗebi ƙwayoyin garkuwarsu, aka zaburar da su a kwalba kamar yadda aka saba, aka zuba musu cutar, sai ga su sun kamu kamar na kowa. Mashigarsu a buɗe take. To me ke kare su?

Amsar farko ta zo da farin ciki. Sarah Rowland-Jones ta Jami'ar Oksfod ta samu a jinin wasu mata masu irin wannan sana'a a Gambiya, a 1995, daga baya kuma a matan Nairobi, wasu ƙwayoyin garkuwa masu kisa waɗanda suka san HIV, alamar jikin ya taɓa karo da ita ya kore ta. Aka ce to ga sirrin, bari a ƙera allurar rigakafin da za ta koya wa jikin kowa haka. Oksfod da Nairobi suka haɗa allurar, aka fara gwada ta a farkon shekarun 2000, amma zuwa 2004 ta bayyana cewa ba ta tayar da garkuwa yadda aka zata ba, aka jingine ta.

Kafin nan wani labari mai karya zuciya ya riga ya fito. A 2001 Rupert Kaul ya ba da rahoton cewa daga cikin mata 114 da aka lissafa a matsayin waɗanda cutar ba ta kamawa, 11 sun kamu. Da aka bi tarihinsu sai aka ga da yawansu sun ɗan dakata da sana'ar ne, ko sun rage, sannan suka dawo. Mace ta tafi ƙauye wata biyu ko uku, ta dawo Majengo, sai abin da ya kare ta shekara 10 ya gushe. Ashe kariyar ba dutse ba ce da aka haife su da shi. Wani yanayi ne da jiki ke shiga, yana kuma iya fita.

Shekarun da suka biyo baya suka fito da abin da ya fi kusa da gaskiya, kuma ya saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa. Ƙwayoyin CD4 na matan nan ba su fi na kowa zafi ba. Sun fi na kowa natsuwa. A jininsu da kuma a bakin mahaifarsu, ƙwayoyin da ke cikin shirin yaƙi kaɗan ne, sinadaran kumburi ma kaɗan ne. Dalilin da ya sa hakan ke karewa yana cikin ɗabi'ar cutar. HIV ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta ari kayan aikin ƙwayar da ta shiga. Ƙwayar CD4 da ke hutawa ba ta da CCR5 da yawa a bayanta, kuma a cikinta akwai wani furotin, SAMHD1, da ke ƙwace tubalan da cutar ke bukata don kwafar rubutunta. Amma da zarar wani ciwo ya tashe ta, sai mashigai su yawaita, tubala su wadata, ta zama wurin da cutar ta fi so. Sauran cututtuka suna gudun garkuwar da ta tashi tsaye, ita kuwa HIV abincinta ke nan.

Wannan ne ya sa maganar nan da ake ji a majalisu da tashoshin mota, wai "jinina ya fi ƙarfin ƙanjamau", take tayar mini da hankali. Na ji ta a bakin masu ilimin boko da waɗanda ba su yi ba. Mai faɗinta yana nufin shi ƙaƙƙarfa ne, ba ya yawan ciwo, yana cin mai kyau. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rufe CCR5. Crohn ya tsira ne da wani giɓi a halittarsa. Matan Majengo sun tsira ne, iya lokacin da suka tsira, da garkuwar da ta yi lamo.

Idan kuwa tashin garkuwa ne ke buɗe hanya, to duk abin da ke kawo kumburi a al'aura yana ƙara haɗari, kuma a nan ne bambancin mutum da mutum ya fi fitowa a nahiyarmu. A KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, cibiyar CAPRISA ta Salim da Quarraisha Abdool Karim ta nuna a 2015 cewa matan da ke da alamun kumburi a gabansu sun ninka sauran wajen sau 3 a yiwuwar kamuwa. A 2017 wani binciken da aka yi kan 'yan mata fiye da 200 a Umlazi, kusa da Daban, ya dubi ƙananan halittun da ke zaune a farjin mace. Waɗanda nasu galibi wani nau'in laktobasilas ne mai kiyaye tsamin wurin sun fi tsira. Waɗanda nasu gauraye ne da wasu nau'o'in sun ninka su fiye da sau 4 a kamuwa, kuma an tarar da ƙwayoyin CD4 masu shirin yaƙi jibge a bakin mahaifarsu. Ciwon sanyi mai fitar da ƙuraje, wanda ake kira hapis, yana ninka haɗarin wajen sau 3, ko da ƙurajen sun warke a ido, domin ƙwayoyin garkuwar da suka taru a wurin ba sa watsewa da wuri. An taɓa gwada wani sinadari mai suna nonoksinol-9, wanda ke kashe HIV a kwalba, a kan mata masu zaman kansu a Benin da Kwaddibuwa da Afirka ta Kudu da Tailan. Masu yawan amfani da shi suka fi kamuwa, saboda yana ƙuje fatar ciki.

Akwai abubuwa biyu a nan da suka shafe mu kai tsaye, kuma ban cika jin ana haɗa su da ƙanjamau ba. Na farko tsargiya. Mun san ta da fitsarin jini a wurin yara maza masu wanka a dam da kududdufi, amma ƙwan tsutsar yakan maƙale a mahaifa da farjin mace ya bar rauni na shekaru. Wani bincike a karkarar Zimbabuwe a 2006 ya samu matan da ke da wannan rauni sun ninka sauran kusan sau 3 a ɗaukar HIV. Maganinta, firazikwantel, ba shi da tsada, kuma ana raba shi a makarantu. Yarinyar da ba ta zuwa makaranta ita ce ke rasawa. Na biyu kayan matsi. Da aka tattara binciken da aka yi kan dubban mata a kudanci da gabashin Afirka, a 2011, an ga cusa tsumma ko takarda, da sanya abubuwan busarwa ko matsewa, da wanke ciki da sabulu, duk suna tafiya da ƙarin haɗarin kamuwa. Ina faɗar wannan da sanin cewa mata suna yi ne don gyaran aure, kuma sau da yawa don abin da suke zaton miji na so. Ya kamata mazan ma su ji.

A ɓangaren maza, kaciya ta yi mana rana. Fatar loɓa tana da ƙwayoyin da HIV ke kamawa da yawa a cikinta, kuma gwaje-gwaje 3, a Orange Farm ta Afirka ta Kudu a 2005, sai Kisumu ta Kenya da Rakai ta Yuganda, sun nuna kaciya na rage wa namiji haɗarin ɗauka daga mace da wajen kashi 60 cikin 100. Tana cikin dalilan da suka sa annobar ba ta yi wa ƙasashen Sahel irin kamun da ta yi wa kudancin nahiyar ba. Sai dai ragi ne kawai, kuma ba ta hana mai kaciyar da ya riga ya kamu ya shafa wa matarsa.

Akwai wani bambancin kuma da ake yawan cakuɗa shi da tsallake kamuwa. Wasu suna kamuwa, amma jikinsu ya danne cutar har na'ura ta kasa ganinta, ba tare da magani ba. Ba su kai 1 cikin 100 na masu ɗauke da ita ba. Da yawansu suna da wasu nau'o'in gado irin su HLA-B57, waɗanda ke taimaka wa garkuwa ta gane ƙwayar da cutar ta ɓuya a ciki. A 2014 masanan Oksfod suka nuna cewa a Botsuwana, inda annobar ta daɗe kuma ta yi tsanani, cutar ta sauya kama har wannan gadon ya daina ba da kariyar da yake bayarwa. Sai a 2023 aka wallafa wani bincike kan mutane kusan 3,900 'yan asalin Afirka, wanda ya gano wani sauyi kusa da ƙwayar gado mai suna CHD1L, da ke rage yawan cutar a jini, kuma a jinin 'yan Afirka ake samunsa. Shekara 27 ke nan bayan Delta 32. Abin takaici ne a ce nahiyar da ta fi kowa binne gawa ita ce ta ƙarshe da aka duba gadonta da idon basira, kuma ina ganin jami'o'inmu da gwamnatocinmu suna da nasu kason laifin, ba Turawa kaɗai ba. Matan Majengo sun ba da jininsu shekara da shekaru, an rubuta ɗaruruwan maƙalu daga gare shi. Sun samu asibiti kyauta, Ngugi ta yi ƙoƙarin samar wa wasunsu jari su bar sana'ar, amma da yawa daga abokan zamansu sun mutu kafin maganin rage kaifin cutar ya iso unguwar, ana kuma shan sa a Turai tun 1996. Ngugi ta rasu a 2015, Plummer a 2020, a Nairobin.

Yanzu bari in dawo gida. Ƙidayar da aka yi a Najeriya a 2018 ta nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, wajen mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya. Gwaji kafin aure ya zama ruwan dare, Kano ma ta mayar da shi doka a 2024, ga kuma gwajin da ake yi wa mata a wurin awon ciki. Saboda haka gidaje da yawa suna cin karo da abin da ke rikita su: miji yana da ita, mata ba ta da ita, ko mata tana da ita, miji babu, bayan shekaru ana zaune tare har da 'ya'ya. Daga nan sai fassara ta ɓarke. Wani ya ce na'urar ƙarya take yi. Wani ya ce shi tsari gare shi, ko jininsa ne ya fi ƙarfi. Mafi muni, idan matar ce ke ɗauke da ita, sai dangin miji su yanke hukunci a kan mutuncinta nan take, alhali tana iya ɗaukowa daga mijin farko, ko daga ƙarin jini, ko ma tun daga haihuwa.

Gaskiyar magana ita ce wannan yanayi ba baƙo ba ne ko kaɗan, kuma mafi yawansa ba ya bukatar wani gado na musamman kafin a fahimce shi. HIV ba ta da saurin tsallakawa kamar yadda ake zato. Binciken ma'aurata a Rakai ya ƙiyasta wajen sau 1 cikin saduwa 1,000 idan aka yi matsakaicin lissafi, kuma a mafi yawan kamuwar da ke faruwa tsakanin mace da namiji, ƙwayar cuta guda ɗaya tak ce ke samun wucewa ta kafa zuri'a. Amma matsakaicin lissafi yana ɓoye ranakun haɗari. A makonnin farko bayan mutum ya kamu, da kuma lokacin da ciwo ya ci ƙarfinsa, cutar takan cika jininsa maƙil, haɗarin ya ninka sau da yawa. A ɗaya ɓangaren kuma, ranar da ciwon sanyi ya tashi, ko aka samu ɗan rauni, ko mace na da ciki ko tana jego, jikin da ya tsallake shekara 7 yana iya buɗewa. A Rakai ɗin, a binciken da aka wallafa a 2000 kan ma'aurata 415, babu wanda ya ɗauka daga abokin zaman da cutar ke ƙasa da 1,500 a kowace mililita ta jininsa. Wato abin da ke jinin mai ɗauke da ita ya fi abin da ke jinin marar ita tasiri.

Darasin da na ɗauka daga shekaru 40 na wannan bincike shi ne, wanda gwajinsa ya fito babu komai alhali abokin zamansa na da ita, bai kamata a ce masa ya fi ƙarfin cutar ba, domin babu gwajin da ake yi a asibitocinmu da ke nuna hakan, kuma ko matan da masana suka sa wa ido shekara 10 suka ce sun tsira, wasunsu sun kamu. Abin da za a ce masa shi ne har yanzu ƙofa a buɗe take, kuma akwai abin rufe ta. A 2011 wani gwaji kan ma'aurata 1,763 a ƙasashe 9 ya nuna cewa fara ba mai cutar magani da wuri ya rage shafa wa abokin zama da kashi 96 cikin 100, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar da cewa wanda magani ya danne cutar a jininsa har ba a ganinta ba ya shafa ta ta hanyar saduwa. Marar cutar ma yana da maganin kariya da zai riƙa sha, wanda aka gwada a kan ma'aurata fiye da 4,700 a Kenya da Yuganda. A 2024 kuma aka yi wa 'yan mata 2,134 a Afirka ta Kudu da Yuganda allurar lenakapabir, sau biyu a shekara, ba a samu ko ɗaya da ta kamu ba.

Don haka idan 'yar'uwarka ce ta dawo daga awo da takarda mai cewa ba ta da ita, mijinta kuwa yana da ita, ba lallai auren ya mutu ba, kuma ba ranar sakin jiki ba ce. A raka ta ta sake gwaji bayan wata 3. A tabbatar maigidan yana shan maganinsa kullum, kuma an auna yawan cutar a jininsa an ga ta kwanta. Kafin ta kwanta, su riƙa amfani da kwaroron roba, ita kuma ta tambayi likita maganin kariya. Idan akwai ƙaiƙayi ko ƙuraje ko zubar ruwa a jikin ɗayansu, a yi musu magani tare, a asibiti, ba a wurin mai tallar ƙwayoyi a tire ba.